Rayuwar Tsarkaka: Waliyiya Alisabatu ta Turingiya (1207–1231) da Gidajen Sarautar da Suka Kewaye Ta

Ranar 17 ga watan Nuwamba ta kowace shekara Ikilisiya Katolika tana tunawa da Waliyiya Alisabatu, wadda ake kira ta Hangari saboda ƙasar haihuwarta, ake kuma kira ta Turingiya saboda ƙasar aurenta a Jamus. Idinta yakan same mu a nan ƙasar Gumel a tsakiyar kaka, gero ya shiga rumbu, ana kaɗe riɗi, ana roron wake. Lokacin ya dace da labarinta, gama labari ne na rumbu da mai ikon buɗe shi, na gado da wadda aka hana wa nata, na asali da abin da mutum ya yi da shi.

Mu mutanen wannan masarauta, daga Maigatari zuwa Gagarawa, daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, mun san darajar asali. Mun saba jin maroƙa suna jera sunayen sarakunan Mangawa tun daga Ɗan Juma, wanda ya kafa gidan wajen shekara ta 1750. Jamusawa ma suna da irin wannan jeri, kuma nasu ya fi yawan rassa, domin Jamus ta daɗe a rarrabe. Ko a 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ƙasarsu tana kashe cikin masarautu da birane masu cin gashin kansu fiye da 30, sai a 1871 aka haɗa ta. A zamanin Alisabatu kuwa, shekaru fiye da 600 kafin Barth, kowane babban gida yana da ƙasarsa da mayaƙansa da talakawan da ke biyan sa haraji. A samansu duka akwai Kaisar, wanda manyan sarakunan suke zaɓa. Abin da yake ƙulla gida da gida shi ne aure, kuma ba a tambayar yaran da za a aurar.

GIDAJE UKU

An haifi Alisabatu a ƙasar Hangari a 1207. Mahaifinta shi ne Sarki Andarawus na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1205 zuwa 1235. Shi ɗan gidan Arpad ne, gidan da ya ba Hangari sarkinta na fari, Waliyi Istifanus.

Mahaifiyarta, Gertrud, Bajamushiya ce daga gidan Andechs na ƙasar Bavariya. A wancan lokaci wannan gida yana kan ganiyarsa, ya dasa 'ya'yansa ko'ina. 'Yar'uwar Gertrud mai suna Hedwig ta auri mai mulkin Silesiya, ta zama waliyiya ita ma, an tabbatar da tsarkinta a 1267. Wata 'yar'uwar, Agnes, ta shiga gidan Sarkin Faransa, amma Paparoma ya ƙi amincewa da auren domin sarkin yana da matarsa ta sunna. Ɗan'uwansu Ekbert shi ne Bishop na Bamberg, 'yar'uwarsu Mechthild kuma shugabar gidan masu zuhudu a Kitzingen. Mu riƙe sunayen waɗannan biyu, za su sake fitowa.

Gida na uku shi ne na mijinta, zuriyar Ludwig mai Gemu, waɗanda masana tarihi ke kira Ludowinga. Tun 1131 suke riƙe da sarautar Landgraf ta Turingiya, wato mai ƙasa wanda ba shi da na gaba sai Kaisar. Ƙasarsu ta haɗa da Turingiya da yankin Hesse, babbar fadarsu kuma ita ce Wartburg, gini mai ganuwa a kan tsauni, yana kallon garin Eisenach. Mai gidan a lokacin, Hermann na Ɗaya, mutum ne mai son mawaƙa da shagali, mai buɗaɗɗen hannu ga fadawa, kuma a rikicin neman kujerar Kaisar ya sauya ɓangare sau da yawa, yana bin inda riba take. Matarsa Sofiya 'yar gidan Wittelsbach ce, gidan da ya mulki Bavariya daga 1180 har 1918.

A 1211 aka ɗauki Alisabatu tana da shekara huɗu, aka kai ta Turingiya da dukiya mai yawa, domin ta tashi a gidan da za ta yi aure, ta koyi harshensu da al'adunsu. Bayan shekara biyu, a 1213, manyan Hangari suka kashe mahaifiyarta saboda fushin yadda take fifita danginta Jamusawa wajen rabon muƙamai. Yarinyar tana da shekara shida ta zama marainiya a baƙuwar ƙasa, ta kuma ga tun da wuri abin da son kai a gidan sarauta yake haifarwa.

AURE DA ABINCIN FADA

Hermann ya rasu a 1217, ɗansa Ludwig na Huɗu ya gaje shi yana da shekara 16. A 1221 aka ɗaura aurensa da Alisabatu a Eisenach, tana da shekara 14. Ko da yake siyasa ce ta haɗa auren, Allah ya sa ƙauna a cikinsa. Barorinta mata, waɗanda suka ba da shaida a kan rantsuwa bayan mutuwarta, sun ce takan tashi da dare ta yi addu'a, ta kuma umarci ɗaya daga cikinsu, Isentrud, ta riƙa jan ɗan yatsan ƙafarta don ta farka ba tare da an tashi maigida ba. Wani dare baranyar ta yi kuskure ta ja na Ludwig. Da ya gane dalili, bai yi fushi ba. Allah ya ba su 'ya'ya uku: Hermann a 1222, Sofiya a 1224, da Gertrud a 1227.

A cikin waɗannan shekaru 'yan'uwan Waliyi Faransis na Asisi suka iso Jamus, ƙafa ba takalmi, suna wa'azin talauci saboda Kristi. Alisabatu ta ba su wurin sujada a Eisenach, koyarwarsu kuma ta kama zuciyarta. A 1226 ta ɗauki wani firist mai suna Konrad na Marburg ya zama mai jin furcin zunubanta da yi mata jagora. Ta yi alkawarin yi masa biyayya, da kuma cewa in mijinta ya riga ta rasuwa ba za ta sake aure ba.

Daga nan ta ɗauki wata ƙa'ida da ta girgiza fada. Ta daina cin duk abincin da ba ta tabbata ta hanyar halal ya zo ba. Abin da wakilan sarki suka ƙwato daga talakawa da ƙarfi, ko aka karɓe daga dukiyar Ikilisiya, ba ta taɓa shi. Takan zauna kusa da mijinta a wurin liyafa, akushi cike da nama, ita kuwa tana gutsuttsura gurasa don kada a lura, wani lokaci ta tashi da yunwa. Ita da barorinta suna ci ne daga amfanin gonakin da aka ba ta na aurenta. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, amma kowane bafade ya gane cewa hannun da ta janye daga akushi tuhuma ce a kan yadda ake cika shi. Ludwig ya bar ta ta bi lamirinta, ya kuma kāre ta daga masu gunaguni.

SHEKARAR YUNWA

A 1226 ambaliya da yunwa da annoba suka auka wa ƙasar, Ludwig kuwa yana Italiya wurin taron da Kaisar Frederik na Biyu ya kira. Ragamar gida tana hannun Alisabatu, mai shekara 19. Ta buɗe rumbunan sarki a duk faɗin ƙasar, ta raba hatsi. Tsofaffin littattafan rayuwarta sun ce mabukata wajen 900 ake ciyarwa kowace rana. Da ta ga marasa lafiya da tsofaffi ba sa iya hawa tsaunin Wartburg, sai ta gina asibiti mai gado 28 a gindinsa, tana sauka da kanta ta ba su abinci, ta gyara musu shimfiɗa. Ta sayar da kayan adonta ta ƙara a kai.

Akwai abu ɗaya da ya nuna hankalinta. Da lokacin girbi ya zo, masu ƙarfin aiki ta ba su riguna da takalma da lauje, domin su shiga gona su ci guminsu. Ta ciyar da mutum lokacin da ba shi da yadda zai yi, ta kuma sa masa kayan aiki a hannu da zarar hanya ta buɗe. Da Ludwig ya dawo, ma'aji da wakilai suka kai ƙararta cewa ta ƙarar da dukiya. Ya amince da duk abin da ta yi.

Mutane da yawa sun san labarin gurasar da ta zama furanni a cikin mayafinta sa'ad da aka tare ta a hanya, masu zane ma da shi suke nuna ta. Wannan labari daga baya ya shigo, ba ya cikin shaidar barorinta, ana kuma ba da irinsa game da Waliyiya Alisabatu ta Fotugal, jikar 'yar'uwarta, wadda aka sa wa sunanta. Abin da shaidu suka gani da idonsu ya isa: matar sarki ta buɗe rumbu, mijinta kuma ya tsaya a bayanta.

GWAURUWA A SHEKARA 20

A watan Yuni na 1227 Ludwig ya tashi da mayaƙansa zai bi Kaisar zuwa yaƙin Ƙasa Mai Tsarki. Bai kai ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Otranto, a bakin teku a kudancin Italiya, ranar 11 ga Satumba 1227. Alisabatu tana da tsohon ciki, ta haifi Gertrud bayan 'yan makonni. Da labari ya iske ta, an ce ta yi ta gudu cikin ɗakunan fada kamar wadda ta zauce.

Ɗanta Hermann yana da shekara biyar, saboda haka ƙanen mijinta, Heinrich Raspe, ya zama mai riƙon ƙasa. Nan da nan ya hana ta iko da gonakin aurenta, ya ce ta ci daga tukunyar fada kamar kowa. Ya san abin da wannan yake nufi ga mace mai irin ƙa'idarta. Cikin tsananin sanyin ƙarshen 1227 ta bar Wartburg. Barorinta sun shaida cewa korar ta aka yi, masana tarihi da yawa kuma suna cewa an matsa mata ne har zama ya gagara. Kowanne aka ɗauka, sakamakon ɗaya ne. Mutanen Eisenach, waɗanda ta ciyar bara, suka rufe ƙofofinsu don tsoron sabon mai iko. Daren farko ta kwana a wata rumfa da aka taɓa ajiye aladu. Da tsakar dare ta je wurin 'yan'uwan Faransis ta roƙe su su rera waƙar godiya ga Allah. Kashegari aka kawo mata 'ya'yanta, ba ta da inda za ta kwantar da su.

Dangin uwa ne suka kawo ɗauki. Innarta Mechthild ta ɗauke ta zuwa Kitzingen, daga nan kawunta Bishop Ekbert ya ajiye ta a fadarsa ta Pottenstein. Amma shi ma da nasa lissafin. 'Yar sarki mai shekara 20 babban jari ce ga gidan Andechs, sai ya fara shirin aurar da ita. Ta ƙi, har ta ce gara ta yanke hancinta don kada kowa ya so ta. Ana cikin haka mayaƙan Ludwig suka iso Bamberg da ƙasusuwan ubangidansu. Ta bi su aka binne shi a Reinhardsbrunn, makabartar gidan, a 1228. Da taimakon waɗannan mayaƙa da na Konrad, wanda Paparoma Giregori na Tara ya naɗa ya kāre ta, aka yi sulhu. Aka ba ta azurfa mark 2,000, kowane mark kuwa ya kusa rubu'in kilo, tare da fili a Marburg.

MARBURG

Tun ranar Jumma'a Mai Tsarki ta 1228 ta riga ta ɗora hannuwanta a kan bagade a ɗakin sujadar 'yan'uwan Faransis a Eisenach, ta yi watsi da girman duniya da son ranta. Da haƙƙinta ya shigo hannunta, ta gina asibiti a Marburg da sunan Faransis, wanda aka tabbatar da tsarkinsa a wannan shekara. Ta sa toka-tokar riga ta talakawa. Tana wanke marasa lafiya, tana ɗauke ƙazantarsu, ta ɗauki yaro shanyayye ta kwantar a ɗakinta, ta ɓoye yarinya kuturwa tana jinyar ta. Abincinta daga kaɗin ulu yake fitowa, wanda take sayar wa masu zuhudu na Altenberg. A rana ɗaya ta taɓa raba mark 500 ga matalautan da aka tara daga ƙauyukan kewaye. Mahaifinta ya aiko manzo daga Hangari ya komo da ita gida. Manzon ya same ta tana kaɗi, ta ƙi bin sa. Ta hana barorinta kiran ta da sunan sarauta, tana ci tare da su a ƙwarya ɗaya.

Akwai abubuwa biyu masu ɗaci da bai kamata mu ɓoye ba. Na farko, ta rabu da 'ya'yanta. Manyan biyu an rene su a matsayin 'ya'yan sarauta, ƙaramar kuma, Gertrud, an kai ta Altenberg tun tana jaririya, inda ta girma ta shugabanci gidan har ta rasu a 1297, Ikilisiya tana girmama ta a matsayin Mai Albarka. Wannan al'adar manyan wancan zamani ce, Ikilisiya ba ta sa ta a gaban iyaye mata don su kwaikwaya. Na biyu, Konrad mutum ne mai tsanani ƙwarai. Ya kori aminanta Guda da Isentrud ya kawo mata mata masu kaushin hali, yakan mare ta ko ya sa a yi mata bulala in ta wuce iyakar da ya sa mata wajen sadaka. Daga baya ya zama mai farautar waɗanda ake zargi da karkatacciyar koyarwa, ya jawo mutuwar mutane da yawa, shi ma aka kashe shi a hanya a 1233. Haƙurinta ne Ikilisiya ta ɗaukaka. Sandarsa kuwa gargaɗi ce gare mu masu kiwon rayuka.

Aiki da azumi suka cinye ƙarfinta. Ta rasu ranar 17 ga Nuwamba 1231, tana da shekara 24, aka binne ta ranar 19 a ɗakin sujadar asibitinta. Jama'a suka fara tururuwa zuwa kabarin, masu bincike suka rubuta labarin warkarwa fiye da 100. Ranar Fentikos ta 1235, a Perugia, Paparoma Giregori na Tara ya sa sunanta cikin tsarkaka, ba a cika shekara huɗu da mutuwarta ba. Cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a kan wannan akwai wani ƙanen mijinta, Konrad na Turingiya, domin gidan da ya bar ta ta kwana a rumfa ya gane cewa sunanta ya fi duk abin da suka mallaka. Ranar 1 ga Mayu 1236 Kaisar Frederik da kansa ya zo Marburg, ƙafa ba takalmi, aka ɗaga ƙasusuwanta, ya ɗora mata kambin zinariya. Babbar majami'ar da aka fara ginawa a kan kabarinta a 1235, aka keɓe ta a 1283, tana nan tsaye har yau.

YADDA GIDAJEN SUKA ƘARE

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ɗanta Hermann na Biyu ya rasu a 1241 bai bar magaji ba. Heinrich Raspe ya mallaki ƙasar duka, a 1246 har aka zaɓe shi sarkin Jamus don ya ja da Kaisar, amma ya mutu a 1247. Ya yi aure sau uku, bai sami ɗa ba, da shi zuriyar maza ta Ludowinga ta yanke. A shekara ta gaba, 1248, mai mulki na ƙarshe na gidan Andechs ya rasu ba magaji. Gidan Arpad ya ƙare a 1301. Kafin a cika shekara 100 da haihuwar Alisabatu, gidaje ukun da suka yi ciniki da aurenta duk sun shuɗe.

Saura 'yarta Sofiya, wadda ta auri mai mulkin Brabant. A 1248 ta zo Marburg da ɗanta Heinrich, yaro mai shekara huɗu, ta nemi gadon kakanninsa. Abokin jayayyarta shi ne Heinrich na Meissen, ɗan gidan Wettin, wanda mahaifiyarsa 'yar Hermann na Ɗaya ce. Aka yi ta yaƙi har 1264, sannan aka raba ƙasa: Turingiya da Wartburg suka tafi gidan Wettin, Hesse ta zama ta yaron. Babban makamin Sofiya shi ne sunan mahaifiyarta. A hatiminta ta kira kanta 'yar Waliyiya Alisabatu, ɗanta kuma ya riƙa kiran kansa jikan waliyiyar. Haka aka kafa gidan Hesse, a kan sunan macen da ta yar da sarauta.

Zuriyar ba ta tafi a kan hanya ɗaya ba. A Wartburg ne Martin Luther ya ɓuya a 1521 zuwa 1522 yana juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Landgraf Filip na Hesse, jininta, ya bi koyarwar Luther, a 1539 kuma ya sa aka kwashe ƙasusuwanta daga akwatinsu na zinariya don ya hana masu ziyara. Duk da haka, Katolika da Furotesta a Jamus suna girmama ta tare, asibitoci da majami'u da yawa na ɓangarorin biyu suna ɗauke da sunanta. Bayan mutuwar Filip a 1567 aka raba Hesse tsakanin 'ya'yansa huɗu, rassa biyu suka ɗore, na Kassel da na Darmstadt. Prusiya ta haɗiye Kassel a 1866. A Nuwamba 1918, da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, dukan gadajen sarautar Jamus suka faɗi, tsarin mulkin 1919 kuma ya soke gatan masu sarauta.

Wani reshe ya iso har ƙasarmu. Daga gidan Darmstadt aka sami zuriyar Battenberg, waɗanda suka mai da sunansu Mountbatten a Ingila a 1917. A wannan shekara gidan sarautar Ingila ma, wanda ta wajen Yarima Albert mijin Sarauniya Victoria reshen Wettin ne, ya ɗauki sunan Windsor. A 1947 Gimbiya Elizabeth ta auri Yarima Philip, wanda mahaifiyarsa Alice 'yar Battenberg ce. Jikokin gidajen nan biyu da suka yi yaƙi a kan gadon Turingiya suka zama mata da miji, su ne kuma aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Ɗansu, Sarki Charles na Uku, jinin waliyiyarmu ne.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Hausawa, amma cikin dubban da suka gaji jininta kaɗan ne suka gaji halinta. Ɗaya ita ce Gimbiya Elisabeth ta Darmstadt, wadda ta yi aure a gidan sarautar Rasha. Da aka kashe mijinta a 1905 ta je kurkuku ta gafarta wa wanda ya kashe shi, ta sayar da kayan adonta, a 1909 ta kafa gidan jinyar matalauta a Mosko. 'Yan juyin juya hali suka kashe ta a 1918, Ikilisiyar Otodoks tana lissafa ta cikin tsarkaka. Alice ma, mahaifiyar Philip, ta ɓoye wani iyalin Yahudawa a gidanta a Atina a 1943, lokacin da sojojin Hitler suke kama su.

ABIN DA YA SHAFE MU

Asali baiwa ce, ba wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi. Amma amana ce da za a tambayi mutum a kanta, kamar yadda Ubangijinmu ya nuna a Matiyu sura 25, inda shari'ar ƙarshe ta tsaya a kan mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku. Rayuwar Alisabatu tana sa mana tambayoyi uku.

Ta farko game da akushinmu ce. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai unguwa, har da mu firistoci da katikis, kowa ya san ta inda abincin gidansa yake shigowa. Wanda ya tauye mudu, ko ya riƙe ladan ɗan ƙwadago, ko ya ci kuɗin baiko, ya tuna da matar da ta tashi da yunwa daga liyafar sarki.

Ta biyu game da rumbu ce. Ajiyar hatsi hikima ce, Yusufu ma ya yi ta a Masar. Amma wanda ya saye gero da araha a kaka, ya kulle shi yana jiran tsakiyar damina lokacin da maƙwabcinsa zai sayar da akuyarsa ta ƙarshe don mudu biyu, ya auna kansa da wannan baiwar Allah. Kowace majami'a za ta iya keɓe wani kaso daga baikon godiyar kaka don watannin wahala, ta kuma taimaki mai ƙarfi da iri da fartanya.

Ta uku ita ce mafi nauyi, game da gwauraye. Abin da Heinrich Raspe ya yi bai tsaya a Jamus ba. Mun sha gani a cikinmu, miji ya rasu, ba a gama zaman makoki ba 'yan'uwansa sun raba gona da shanun noma da babur, an bar mace da marayu hannu wofi, ko a matsa mata ta auri wanda ba ta so don dukiya ta zauna a gida. Masu yin haka sau da yawa masu baftisma ne. Muna roƙon dattawan majami'u da Zumuntar Mata Katolika su shiga irin wannan magana tun da wuri, kamar yadda mayaƙan Ludwig suka tsaya wa matar ubangidansu har ta sami haƙƙinta. Magidanta kuma su faɗi wasiyyarsu a gaban shaidu, a rubuta, tun suna da lafiya. Ludwig mutumin kirki ne, amma da ya rufe ido ƙaunarsa ba ta hana ƙanensa yin abin da ya so ba.

A Misar ranar 17 ga Nuwamba, bari kowace majami'a ta ambaci gwaurayenta da marayunta a cikin addu'ar masu bi, a kuma ziyarce su a cikin makon, kada a je hannu wofi.

Ya Allah, kai da ka ba baiwarka Alisabatu idon gane Ɗanka cikin matalauta, ka ba masu mulkinmu tsoronka, ka ba gwaurayenmu masu tsaya musu, ka kuma sa mu ci abincin da ba hawayen kowa a cikinsa, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyiya Alisabatu, ki yi addu'a dominmu.